GONAR TALAKA, MASU ITA NAWA NE?

Jawabin da aka yi wa taron talakawa da 'yan kasuwa a Bena, ƙasar Zuru

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa manoma da makiyaya, da ku mutanen kasuwa, 'yan koli da 'yan tebur da ma'auna da dillalan kara, mun gode da kuka bar sana'arku kuka zo. Mun san ba don kun rasa abin yi kuka tsaya cikin ranar nan ba, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. Maganar ƙasa muka zo da ita, watau ƙasar nan da ku ke nomawa, ku ke kiwo a kanta, ku ke kafa rumfa a kanta.

In muka tsai da ɗayanku muka ce, Malam, gonar nan ta wa ce? Zai ce tawa ce mana, kakana ya sare dajin, ubana ya noma, ni kuma na gada. Gaskiyarsa. Amma a takarda ba haka abin ya ke ba. A takarda, bisan gonar yana hannun Gwamna a Birnin Kebbi. Abin da ke ƙarƙashinta na Gwamnatin Tarayya ne a Abuja. Ƙaramar hukuma a Ribah ita ma tana da ɗan nata iko. Shi kuwa mai fartanya izinin zama kaɗai aka ba shi. Waɗannan manya kuma ba su jituwa, kullum suna ja-in-ja a kan wa ke da ikon tsara abin da za a yi da ƙasa, kuma duk sa'ad da suka ja, a gonar talaka igiyar ke tsinkewa.

Wannan ƙulli ba yau aka yi shi ba. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya faɗa wa jama'a ƙiri-ƙiri cewa tun da sun ci ƙasa da yaƙi, ikon ƙasa ya koma hannunsu. Cikin 1910 suka mai da maganar doka, suka ce dukan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, wai yana riƙe da ita ne domin amfanin 'yan ƙasa. Da Turawa suka tafi iyayenmu suka zaci za a mayar wa mai kaya kayansa. Ina! Cikin 1962 Majalisar Jihar Arewa a Kaduna ta yi tata doka, ta cire Gwamna ta sa Minista. An sake mahayi, amma linzami na nan a bakin doki. Sa'an nan ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka, ta kira shi Dokar Amfani da Ƙasa. Kafin sojan su sauka sai suka cusa ta cikin tsarin mulki na 1979, ta kuma biyo cikin na 1999 a sashe na 315. Saboda haka ba a iya taɓa ko harafi ɗaya nata sai kashi 2 cikin 3 na Majalisar Tarayya sun yarda, majalisun jihohi 24 kuma sun amince. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko gyaranta cikin 2009, har ya rasu cikin 2010 ba ta motsa ba.

To, me dokar ta ce? Ta ce dukan ƙasar da ke cikin jiha an danƙa ta ga Gwamna amana. Shi ke da ikon ya ja layi ya ce daga nan zuwa can birni ne, kuma duk inda ya kira birni shi kaɗai ke ba da takardar fili. Inda bai kira birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya, amma ita ma an yi mata iyaka. Ba ta ba mutum ɗaya abin da ya wuce hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce. Ku duba fa, wa a cikinku ke da hekta 500? Ai da ganin adadin kun san ba da ku a ke ba.

Jin haka sai mutum ya ce ashe Gwamna ne sarkin ƙasa. A'a, dakata. Ita wannan doka ta keɓe filayen Gwamnatin Tarayya, irin su barikin soja, ta ce ba su cikin abin da aka danƙa wa Gwamna. Har wa yau sashe na 28 ya ce in aka aiko da sanarwa da sunan Shugaban Ƙasa cewa Tarayya na bukatar wani fili don aikin jama'a, tilas Gwamna ya soke izinin wanda ke zaune a wurin. Ba a ce in ya ga dama ba, tilas aka ce.

FAƊAN MANYA

Wani rikici da ya kai gaban alƙalai sosai a kan tsara gari aka yi shi. Cikin 1992 soja sun yi doka mai lamba 88, wadda ta ba Tarayya iko a kan tsarin birane da yankuna a ko'ina. Da aka koma mulkin farar hula sai Jihar Ikko, watau Legas, ta kai Gwamnatin Tarayya ƙara, ta ce wannan shiga gonar wani ce. Cikin watan Yuni 2003 Kotun Ƙoli ta ba Ikko gaskiya. Ta ce yanka filaye, da fid da titunan gari, da ba da izinin gini, aikin jiha ne, ikon Tarayya a wannan fanni bai wuce birnin Abuja ba. Wa ke Gwamnan Ikko a lokacin? Bola Tinubu, wanda ya hau kujerar Shugaban Ƙasa cikin 2023. Mun faɗi wannan ne don ku san waɗanda ke sama sun san maganar nan sarai, ba jahilci ke damunsu ba. In mutum yana gidan Gwamna sai ya ce jiha ke da iko, in ya koma Abuja sai harshensa ya juya.

Amma abin da ya fi shafarmu a nan ƙasar Zuru shi ne na ƙarƙashin ƙasa. Sashe na 44 na tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasar Nijeriya na Gwamnatin Tarayya ne, ko zinariya ko kuza ko man fetur. Dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta ƙara da cewa haƙar ma'adini ta sha gaban kowane irin amfani da za a yi da ƙasa, watau ta fi noma, ta fi kiwo, ta fi gidan zama. In ofishin ba da lasin a Abuja ya ba wani kamfani izinin haƙa, aka kuwa yi rashin sa'a gonarka ta faɗa cikin taswirarsa, doka ta ba Gwamna kwana 60 ya soke izininka. Mutumin da ya zana taswirar nan watakila bai taɓa jin sunan Bena ba. Bai san inda maƙabarta ta ke ba, bai san mashaya ba, bai san burtali ba. Murabba'i kawai ya gani a takarda.

Kun san ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri da Fakai, kun kuma san abin da ya faru ga maƙwabtanmu na Zamfara. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Cikin Afrilu 2019 Tarayya ta hana haƙa a Zamfara duka saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Ita ta rufe, ita ta buɗe. Amma da waɗansu gwamnoni suka ce su ma sun dakatar da haƙa a jihohinsu, har da namu na Kebbi cikin 2023, sai Ministan ma'adinai Dele Alake ya fito ya ce jiha ba ta da wannan iko. Cikin Disamba 2025 gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna, abin da suka iya yi shi ne su roƙi Shugaban Ƙasa ya sa a dakatar da haƙa wata 6. Roƙo fa, jama'a. Mutanen da aka ce an danƙa musu ƙasa amana, ga su suna roƙo a kan ramin da ke tsakar gidansu. Ramin da gubar da rigimar su zauna wurinmu, lasin da kuɗin su tafi Abuja, a dawo wa jiha da kashi 13 cikin 100, shi ma ba mu ganin ƙurarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku mutanen kara, ga taku. Cikin 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. An ce wuraren kiwon da aka keɓe a ƙasar nan sun kai 415, amma kusan kashi 1 cikin 3 kaɗai aka tabbatar a gazet, sauran kuwa aka bar su ga mai ƙarfi. Da aka rarraba Arewa jihohi, dokar ta zama ta jihohi, kowace ta yi sakaci da ita. Aka nome burtali, aka toshe mashaya, manya suka yanki gandaye cikin dajin kiwo. Da wuta ta kama sai Tarayya ta fito da shirin Ruga cikin 2019, ta ce za ta kafa matsugunan makiyaya. Gwamnan Binuwai da waɗansu suka ce ba ta da ko taki ɗaya a jihohinsu, suka kafa hujja da dokar 1978. Ran 3 ga Yuli 2019 aka dakatar da shirin. Cikin 2024 aka kafa ma'aikatar dabbobi ta Tarayya, amma ita ma ba ta iya shata burtali ko ɗaya sai Gwamna ya ba ta fili. Mai kuɗi ba shi da ƙasa, mai ƙasa ya ce ba shi da kuɗi, manomi da Bafillace kuwa an bar su su fuskanci juna da sanda da adda.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da ya haɗa mu da Zamfara da Neja, a takarda na gwamnonin jihohin ne, amma soja da 'yan sanda duk na Tarayya ne, Gwamna ba ya iya ba su umurni yadda ya so. Wanda ke da daji ba shi da bindiga, wanda ke da bindiga ya ce daji ba nasa ba ne. Ba sai mun tuna muku ba. Cikin Yuni 2021 'yan sanda da bakinsu suka ce an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. Cikin Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, fiye da 60 suka rasu. Cikin Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashi ɗalibai 25. Akwai waɗanda ke tsaye a taron nan da suka baro gonakinsu da rumbunansu suka zo Bena da abin da ke jikinsu kawai. Muna tambaya, wane tsari aka yi wa gonakin da suka bari? Ran da aka sami lafiya suka koma, in suka tarar wani ya riga su da takarda mai hatimi, da me za su yi shaida?

DIYYA

Wani zai ce ai in an karɓi gona ana biyan diyya. Bari mu faɗa muku abin da sashe na 29 ya tanada. Ba a biyan kuɗin ƙasa kanta, tun da an ce ba taka ba ce. Abin da a ke biya shi ne abin da ka ɗora a kai, watau gini, da shuka, da itatuwan amfani, kuma ma'aikacin gwamnati ne zai yi musu kuɗi. In aka zo da rani, dawa tana rumbu, gona ba kome sai kara, to sai dai a ƙidaya maka ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Gonar da ta ciyad da gidanku shekara 100 ta tashi a kuɗin itace biyar.

Dattawanmu sun ga irin wannan da idonsu. Da Tarayya ta gama madatsar Kainji cikin 1968, mutum wajen 44,000 aka tayar, ruwa ya ci tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri. Sai cikin 2010, bayan shekara 42, aka yi dokar kafa hukumar da za ta kula da yankunan da madatsun wuta suka shafa. Na Bakolori ya fi muni, a lokacin kuwa mu da su duk muna cikin Jihar Sakkwato. Hukumar kogin Sakkwato da Rima, ta Tarayya, ta gina madatsa kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978. Aka karɓi gonaki, aka hana mutane shuka, diyya ta ƙi fitowa yadda ya kamata. Manoma suka gaji suka tare hanyoyin wurin aiki. Cikin Afrilu 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa aka kashe. Aikin na Tarayya, ƙasar a hannun Gwamna, kuma jam'iyya ɗaya ke mulki a Tarayya da Sakkwato a lokacin. Kun ga ke nan ko manya sun yi faɗa ko sun shirya, zaman kashin dankali ne, babba a kan ƙarami.

Saboda haka kada wani ya fita daga taron nan ya ce mun zo goyon bayan Birnin Kebbi a kan Abuja. A gardamar shari'a dai mun fi karkata ga jiha, domin wanda ke kusa ya fi sauƙin kamawa, kuma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma ikon da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi tun 2003, me aka yi mana da shi? An kafa Jihar Kebbi tun ran 27 ga Agusta 1991. Wa a cikinku aka taɓa kira aka nuna masa taswirar Bena, aka ce ga inda kasuwa za ta faɗaɗa, ga inda kara za ta tsaya, ga tashar mota, ga hanyar shanu, ga inda baƙin da suka gudo za su yi gida? Garin yana ta cika, kowa na gini inda ya samu. Ran da mai tsari ya farka daga barci sai ya zo da jan fenti da katafila, ya ce ɗan tebur ya shiga hanya. Ai tsarin da ba a yi da kai ba, a kanka za a yi shi. Tsarin mulki ya ce kafa kasuwa da tasha da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, wanda ke karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, shi ya kamata ya nuna mana iyakar kasuwar a takarda.

Abin da mu ke nema ba mai wuya ba ne. Muna so kafin Abuja ta sa hannu a kan lasin da ya shafi ƙasar Wasagu, a karanta shi a bainar jama'a a garin da abin ya shafa, da Hausa da harshen mutanen wurin. Muna so wakilanmu na majalisar Birnin Kebbi da na Abuja su tashi su yi maganar sashe na 29, a riƙa biyan kuɗin ƙasa kanta, ba na itatuwa kaɗai ba. Dokar 1978 kuma ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Muna so a faɗa mana sunayen waɗanda ke cikin namu, a kuma sa manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da mace a ciki.

Kafin a kai ga wannan, akwai 'yan ƙofofi da dokar ta bari a buɗe, ba a dai faɗa muku ne. Sashe na 36 ya ce duk wanda ke noma wuri a karkara tun kafin 1978, a ɗauke shi kamar an riga an ba shi izinin gargajiya, kuma in ya kai wa ƙaramar hukuma zane ko bayanin gonar, ta gamsu, wajibi ne ta rubuta sunansa. Masana sun ƙiyasta ƙasar da ke da rajista a Nijeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, galibinta kuwa ta masu hali ce a birane. Sashe na 6 ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da ka ke nomawa, sai ta ba ka wata a madadinta. Kotun Ƙoli kuma ta sha yanke hukunci cewa soke izinin mutum ba tare da an miƙa masa sanarwa ba, banza ne. Ita ma dokar ma'adinai ta ce mai neman lasin sai ya nemi yardar mai gona, kuma kafin kamfani ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kan abin da zai yi musu.

A nan ne a ke cin talaka. Baƙo ya zo da mota, ya sauka gidan wani babba, a kira mutum huɗu ko biyar, a ba su goro da ɗan abin cefane, a ce su dangwala hannu. Wannan dangwale shi ne yardar da doka ke nema, shi za a kai Abuja a ce gari duka ya amince. Iyayenmu hakimai da dagatai, muna ganin girmanku, amma muna roƙonku kada ku sa hannu a madadin gonar da ba ku noma ba. Ku kuma 'yan'uwa, duk takardar da aka kawo muku, ku ce a bar ta ta kwana. Ku sami ɗanku ko 'yarku mai ilmi ya karanta muku ita daga farko har ƙarshe, ku riƙe kwafinta, sa'an nan ku yi shawara da maƙwabtan gona.

Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, da ku za a fara. Kowane mai gida ya zauna da dattawan ƙauyensu tun suna da rai, a rubuta sunan gonarsa, da wanda ke gabas da shi da yamma da kudu da arewa, da alamar iyaka, ko dutse ne ko rafi ko kuka, shaidu uku su sa hannu. Gwauraye mata da marayu kada a manta da su, don su a ke fara turewa. In ƙauye ya gama nasa, a haɗa takardun wuri ɗaya, a yi kwafi biyu, ɗaya ta zauna hannunku, ɗaya a kai Ribah a nemi rajista, a kuma karɓo rasit. Ku 'yan kasuwa, kowane layi ya tara rasit ɗinsa na kuɗin rumfa, tsoho da sabo, a ba shugaban layi ya adana. Wanda bai iya rubutu ba ya tsaya bayan an tashi, akwai samari a nan da takarda da alƙalami, ba kuwa za su karɓi ko kwabo ba.